Kyandir a kan katako tsirara

Ranar Talatar da ta wuce na tsaya a bakin shago ina kallon yaron da nake koya wa aiki yana jera mazaunan kyandir guda shida da ya fere a injin juya katako, dogaye masu siririn ƙugu, ya shafe su da banish suna ta ƙyalli, yana ɗaukar su hoto da waya don ya tallata. Na ɗauki ɗaya na leƙa ramin da kyandir zai zauna, sai na ga katako ne tsirara, babu kofin ƙarfe a ciki. Da na yi magana, ya ce, "Baba, ai na kwalliya ne." Ni ma da bakina na taɓa faɗin haka.

Ina saurayi a lokacin, hannuna ya fara faɗawa, kuma maɗaci ya fi ƙarfin aljihuna, saboda haka da malaina nake yin su, itace marar nauyi. Wata amarya a unguwarmu ta sayi biyu don ƙawata ɗakinta. Wani dare cikin hunturu aka ɗauke wuta, ta kunna ɗaya ta ajiye kusa da taga, barci ya sace ta. Kyandir ya ci har gindi, narkakken kaki ya jiƙa ramin, lagwani ya kwanta a kai, katakon kansa ya koma lagwani. Daga nan wuta ta kama labule, ta sauka kan katifa. Maƙwabta suka kashe ta da bokitai, ba a rasa rai ba, amma kayan ɗakin da iyayenta suka yi shekaru suna tarawa sun tafi, kuma ta ƙone a hannu.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ba laifina ba ne, kuma har yau wani lokaci ina jin akwai gaskiya a ciki. Maigidan da ya koya mini aiki haka yake yin nasa, babu wanda ya taɓa ambata mini wata doka, kuma wane mai hankali ne zai kwanta ya bar wuta kusa da labule? Sai dai na san banish yana cin wuta, domin da tsumman da na goge shi nake hura murhu. Na kuma san gindin abin ya yi ƙanƙanta, domin sau biyu yana faɗuwa a kan teburina, na miƙar da shi na ci gaba da ciniki. Mijinta bai ɗaga murya ba. Ya zo da gawayin da ya saura, ya ajiye a gabana, ya ce, "Malam, ga aikinka," ya juya.

Sai bayan shekaru, da wani ɗan kasuwa mai fitar da kaya waje ya nemi in yi masa aiki, na ji cewa a Amurka akwai ƙa'ida mai suna ASTM F2601 kan kayan da ake ɗora wa kyandir, wadda a cikinta ake karkata mazaunin da digiri 10 a ga ko zai faɗi, ana kuma gwada yadda yake cin wuta. Harshen kyandir yana kai zafin digiri 1,000, busasshen katako kuwa yana kamawa a wajen digiri 300. Da na san wannan tun farko, wataƙila da na gyara. Wataƙila kuma da ban gyara ba, domin kofin tagulla kuɗi ne.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, 'ya'yana masu wannan sana'a, amma na san ba za ku karanta ba, ku da ba ku iya minti biyar ba tare da duba waya ba. Kada ku sayar da mazaunin kyandir na katako sai da kofin ƙarfe ko na gilashi a cikin ramin, mai leɓen da ya rufe bakin katakon, kuma kada banish ya kusanci wurin. Ku faɗaɗa gindi ko da zai rage kyau, sannan ku ɗora shi a kan allo, da kyandir a kai, ku karkata ku gani. Ku gaya wa mai saye da baki ya kashe kyandir tun bai kai gindi ba, kada ku dogara da takardar gargaɗi, ko da yake takardar ma ku liƙa ta, don ita ce shaidarku. Gaskiya ma da za ku ji tawa, da kun bar wannan aiki kun koma ƙafafun kujera. Amma kada ku bari, sana'a ce, da ita na aurar da 'ya'ya.

Yaron nawa ya lissafa kuɗin kofuna shida, ya ce ribar ta tafi, kuma wai masu saye ba sa kunnawa. Na kwashe mazaunan kyandir ɗin na kulle a akwatin kayan aiki, makullin yana aljihuna, kuma kwana uku ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.