Roba, mai da ruwa: abin da gyaran tsofaffin motoci ya koya mini

Babban darasin da aikin nan ya koya mini shi ne ƙarfe yana da haƙuri. Injin da ya ci kilomita 250,000, in aka buɗe shi, sau da yawa za a tarar fistin da sauran ƙarafan ciki lafiyarsu ƙalau. Abin da ke gajiya shi ne roba, da filastik, da mayuka da ruwan da ke zagayawa a ciki. Su kuwa shekaru ke cin su, ko motar tana kan hanya ko tana ajiye. Shi ya sa mai tsohuwar mota zai riƙe lissafi biyu, na kilomita da na shekara, wanda ya riga cika shi za a bi.

Ba abin da nake tsoro kamar zafin inji. Inji kan jure bakin man da ya ɗan wuce lokacin juye, amma zafi sau ɗaya tak ya isa ya lanƙwasa kan silinda, musamman na alminiyam, ya ƙona gasket. Daga nan sai ka ga ruwa yana raguwa babu inda yake ɗiga, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa, ko bakin mai ya yi fari-fari a ƙarƙashin murfinsa. Kuma yawanci abin da ya jawo wannan babban aiki ƙaramin abu ne da za a iya ganewa da hannu. Da safe, inji a sanyaye, ka matsa manyan tiyon lagireto biyu. In tiyo ya yi tauri kamar itace, ko ya yi laushi fiye da kima, ko ya kumbura kusa da inda aka ɗaure shi, ya gama aiki. Ka dubi saman lagireto: filastik ɗin da asalinsa baƙi ne in ya koma ruwan ƙasa, ya bushe ke nan, kuma tsagewa ta kusa. Murfin lagireto ma ana raina shi. Shi ke riƙe matsi na kusan 1 a ma'aunin matsi na bar, wanda ke sa ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Robarsa in ta mutu, ruwa zai riƙa tafasa yana gudu alhali babu wani abin da ya lalace.

Kurakurai biyu ne suka fi ba ni takaici a nan. Na farko, zuba ruwa zalla. Ruwan sanyaya inji, wato kulan, yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, yana kuma kare robar famfon ruwa. Ruwa zalla yana cin ƙarfe, yana barin dattin da ke toshe siraran hanyoyin lagireto. Daidai shi ne rabi kulan, rabi tataccen ruwa, in ba a riga an haɗa shi a galan ba. Tsohon nau'i ana sauya shi duk shekara 2, mai dogon zango kusan shekara 5, kuma kada a gauraya iri biyu sai an tabbatar sun dace da juna. Bayan an zuba sabo a fitar da iskar da ta maƙale, domin iskar kaɗai tana iya sa allurar ma'aunin zafi ta hau. Na biyu, cire tamostat a jefar da sunan maganin zafi. Aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin aiki, tsakanin digiri 80 da 90, sannan ya buɗe. In babu shi inji yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara fetur, fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, ringi su ci. Ainihin matsalar kuma, ko lagireto ne ya toshe ko fanka ce ba ta tashi, tana nan inda take. Idan allura ta hau a hanya, ka tsaya ka kashe motar. Kada ka taɓa murfin sai bayan aƙalla minti 30, kada kuma ka kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi.

Game da bakin mai, awo ya fi juye muhimmanci a tsohon inji, domin kusan duk tsohon inji yana shan mai. Ka auna duk mako, mota a fili mai daidai, bayan minti 5 zuwa 10 da kashewa. A motoci da yawa tazarar alamomi biyu na sandar awo kusan lita ɗaya ce. Jar fitilar mai da ke gaban direba matsin mai take nunawa, kuma kafin ta kama ɓarna ta riga ta fara, saboda haka kashewa ake yi nan take. Juye kuwa, ga motar da ke yawan gajerun tafiye-tafiye, ko cunkoso, ko ƙura, kilomita 5,000 ko wata 6 da man gama-gari, 8,000 zuwa 10,000 da sintetik, kullum tare da sabuwar filta. Akwai masu komawa mai mai kauri, 20W-50, da zarar mota ta tsufa. Ban goyi bayan haka kai tsaye ba. Injin da aka ƙera don mai marar kauri, 5W-30, musamman mai tsarin VVT da ke sauya lokacin buɗewar bawul, hanyoyin mansa sirara ne, mai kauri ba ya isa saman inji da wuri lokacin tayarwa, lokacin kuma aka fi cin ƙarfe. In za a ƙara kauri, a tsaya cikin abin da littafin motar ya yarda da shi.

Bel ɗin taimin, wanda ke daidaita motsin fistin da na bawul, ba ya gargaɗi. Yawancin kamfanoni sun sa wa'adinsa tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko shekara 5 zuwa 7. A injuna da yawa, in ya tsinke fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Wanda ya sayi mota bai san ranar da aka sauya shi ba, ya ɗauka ba a taɓa sauyawa ba. Kuma ranar da aka buɗe wurin a sauya na'urar da ke ɗame bel ɗin, da ƙananan kurayen da yake bi, da famfon ruwa in bel ɗin ne ke juya shi, tunda aikin buɗewar ɗaya ne. Mai sarƙa a madadin bel ya saurari ƙarar kacau-kacau a daƙiƙun farko na tayarwar safe.

Giya mai sarrafa kanta tana son a bi ta a hankali. Man giyar yawanci ja ne in yana da lafiya, in ya yi duhu yana warin ƙuna ya daɗe da wuce lokaci. Abin da na fi amincewa da shi shi ne a kwance ƙasa a tsiyaye, a mayar da daidai adadin da ya fita, wajen kowace kilomita 60,000. Wannan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi kawai yake fitarwa, don haka in man ya yi datti sosai a maimaita bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. Wanke tsohuwar giyar da ba a taɓa kula da ita ba da injin matsi yana iya tayar da datti ya toshe hanyoyi. Nau'in man dole ya zama wanda aka rubuta mata. Giyar CVT, wadda ke aiki da bel ko sarƙa maimakon matakan giya, tana da nata daban.

Man birki yana shan danshi daga iska. Nau'insa na DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, sai a gangara mai tsawo a taka birki a ji shi ya nutse. A sauya shi duk shekara 2. Fatar birki in kaurinta ya ragu zuwa milimita 3 a canza, kafin ƙarfe ya ci faifai.

Sai a ɗaga motar a leƙa ƙasa, ko sau biyu a shekara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: robar da ke rufe gaɓar shaf in ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, ba a daɗe ba za a ji ƙas-ƙas wajen karya kwana. In an gan ta da wuri roba da giris kawai za a sa. A girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, domin gaɓar ƙafa mai wasa tana iya ficewa ana cikin gudu. Tayar kanta tana da ranar haihuwa a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Daga shekara 6 a sa mata ido, a 10 a cire ta ko zanenta bai ci ba.

Fitilar inji in tana ƙiftawa, wata silinda ce ba ta ƙona fetur, ɗanyen fetur ɗin kuma zai je ya ƙona matatar hayaƙi. A duba fulogi da koyil, a kuma duba ko mai ya taru a ramin fulogi, alamar robar murfin saman inji ta mutu.

Ka ajiye ɗan littafi a motar, kana rubuta kwanan wata, da kilomita, da abin da aka sauya, har da kowane rabin litar man da ka ƙara. Injin da bara yake shan rabin lita a kilomita 3,000, bana ya koma lita ɗaya a 1,500, a fara duba masa bawul ɗin PCV, mai fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji, wanda in ya toshe matsi kan taru ya turo mai ta robobi. In shi lafiya yake, a lura da hayaƙi: shuɗi a tayarwar safe yana nuna robobin bawul, shuɗi lokacin taka totur ya fi nuna ringi. Daga nan a yi gwajin matsin silinda. Bai kamata wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba.