Awa uku a mako sun ishi shafin intanet, in an san yadda za a raba su

Abin da ya fi kashe shafukan da matasa ke buɗewa a Kano shi ne alƙawarin ranar farko: "kullum zan sa sabon abu." Mako biyu ana yi da zafi-zafi, sai jarrabawa ta zo, ko maigida ya ce a kwana ana sauke kaya a Kantin Kwari, shafi ya tsaya cak a kan rubutun watan jiya. Mu da muka riga ku shiga harkar, kusan dukkanmu nan muka fara yin tuntuɓe.

Ƙanena, makon da ka fi shiga matsi shi za ka yi awo da shi. Idan rubutu ɗaya za ka iya a irin wannan mako, to ɗaya ne adadinka. Zaɓi rana da lokaci, a ce Talata ƙarfe 7 na safe, ka riƙe su gam. Mai karatu ya fi sabawa da wanda ke zuwa duk Talata a kan mai zubo biyar yau ya ɓace wata biyu.

Kada ka zauna gaban kwamfuta hannu rabbana kana jiran abin rubutawa ya faɗo. Cikin mako ake tara shi. Kana cikin adaidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata, wata tambaya da abokin ciniki ya yi maka ta faɗo maka a rai, buɗe Google Keep, manhajar ajiye gajerun bayanai a waya, ka rubuta layi uku. Ranar Lahadi bayan Asuba, kafin gida ya tashi, ka ba shi awa biyu ka fitar da rubutu biyu: ɗaya na wannan mako, ɗaya na ajiya. In ajiya ta kai huɗu, kana da wata guda a hannu, kuma shi zai rufa maka asiri a goman ƙarshe na azumi da makon Sallah. A Sha'aban ake tara wannan. Ka yi rubutun a Google Docs, wanda ke aiki ko babu data in ka kunna masa hakan, sai ka gama ka kwafa zuwa shafin. Sabis kan yanke, wuta kan ɗauke.

Awa ta uku ta ɗorawa ce. WordPress, manhajar da ake gina shafi da ita, na da maɓallin Schedule, wanda ke sakin rubutu da kansa a ranar da ka sa masa. Tarko biyu ne a nan. Na farko agogo. Sabon shafi galibi kan zo a kan lokacin UTC, wato agogon da duniya ke awo da shi, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka abin da ka sa wa ƙarfe 7 sai ƙarfe 8 zai fito. Shiga Settings, ka danna General, ka mayar da Timezone zuwa Lagos. Na biyun ya fi ɓata rai. WordPress ba ya duba jadawalinsa sai wani ya ziyarci shafin. Ƙaramin shafi da ba kowa a kansa da sassafe, sai ka leƙa da azahar ka tarar an rubuta Missed schedule, rubutu na nan kwance. Maganinsa a cPanel yake, wato allon sarrafa masaukin shafin, wurin Cron Jobs, inda ake saita aikin da zai riƙa maimaita kansa: ka sa a riƙa kiran fayil ɗin wp-cron.php, mai duba jadawalin, duk minti 15. In abin ya yi maka duhu, kamfanin da ka kama wa shafin masauki a wurinsu za su iya saita maka.

Hoton waya kan kai MB 3 zuwa 5. Ɗora shi a haka zalunci ne ga mai karatun da ya sayi data ta kwana ɗaya. Rage faɗinsa zuwa fiksel 1200 da Squoosh, shafin rage nauyin hoto, ya dawo ƙasa da KB 200. Haruffa masu lanƙwasa kuma, ɓ da ɗ da ƙ, ka sa su a cikin rubutu, Gboard, manhajar rubutu ta waya, na da allon Hausa. Amma a adireshin rubutun ka bar su b, d, k, domin ƙ kan rikiɗe ta zama %c6%99 idan aka tura a WhatsApp, mutane su ɗauka na 'yan damfara ne.

Sau ɗaya a wata, ba da wannan awa ga gyara. Fara da ajiye kwafin shafin gaba ɗaya, UpdraftPlus, wani fulogin ne, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress, na iya tura shi Google Drive. Sannan ka sabunta fulogin ɗaya bayan ɗaya, kana buɗe shafin bayan kowanne. Wanda ya danna su duka lokaci guda, in shafi ya yi fari fat, ba zai san wanne ne ya jawo ba. Duba tsofaffin rubuce-rubuce ma, musamman in akwai farashi. Buhun da ka sa wa kuɗin bara zai haɗa ka rigima da mai saye, shi ya sa kowane farashi ke buƙatar kwanan wata a gefensa.

Sai sunan shafin, wato adireshinsa na intanet. Ko .com ne ko .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen .ng, ke kula da shi, haya ce, yawanci ta shekara. Tunatarwar biya na zuwa ne ta imel ɗin da aka yi rajista da shi, kuma sau da yawa na yaron da ya haɗa maka shafin ne, wanda yanzu yana bautar ƙasa a wata jiha, lambarsa ba ta shiga. Tun yau ka duba da sunan wa aka yi rajistar, a mayar da ita sunanka da imel ɗinka, ka sa ƙararrawa a waya kwana 30 kafin wa'adin ya cika.