Alobera ba tumatir ba ce

Jiya na miƙa makullin sito bayan shekara biyu a gonar alobera, amma har yanzu warin ruɓaɓɓiyar saiwa bai bar hancina ba.

Manajanmu a noman rani na Kadawa ya goge, shi ya sa kowace shuka a idonsa ƙishirwa take ji. Ya sa aka yanka fangali a ƙasar laka, ana malala ruwa duk bayan kwana uku, ana bi da takin yuriya. Lissafinsa shi ne da kilo ake sayen ganye, ganyen kuma kusan duka ruwa ne, to a shayar da shi ya yi nauyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan shukar da dare take buɗe ƙofofin numfashinta, da rana ta rufe, guzurin ruwanta na cikin ganye. Saiwarta ba ta yin nisa, in ta kwana cikin ruwa ruɓewa za ta yi." Ya ce boko ne ke ɗibata. Na ja bakina na yi shiru, ko a littafin aiki ban rubuta ba. Nan na cuci kaina.

Watannin farko har na fara jin kunya, don ganye ya yi kore shar, ya kumbura. Sai ruwan Agusta ya sauka a kan ƙasar da dama a jiƙe take. Wata safiya na kama wani ganye, gindin ya biyo hannuna baƙi ƙirin, laɓe-laɓe kamar dafaffiyar kabewa. Da Alhaji mai gonar ya zo, manaja ya riga ni baki, wai ni ne ban buɗe magudana ba. Aka zabge min albashi.

Abin da aka sayar a bana daga bayan sito ya fito, wani ɗan jigawa inda na dasa ragowar 'ya'yan da ke tsirowa a gindin alobera a kan kunya, da kashin shanu da ya huce. Ba na ba su ruwa sai na tura yatsa na ji ƙasa ta bushe. Ban ce a bar ta da ƙishi ba: da bazara in aka yi sake, ganye zai yi ja, ya motse, kilo ya faɗi.

Fetur ɗin injin ban-ruwa ya fi taki cin riba. Ganyen waje kawai ake yanka. Kuma kada wuƙa ta taɓa shi sai mai saye na hannu, don yankakken ganye ba ya jira.

Na ji yanzu in baƙi sun zo, bayan sito manaja yake kai su, yana nuna musu gwajin da ya yi.