Alamar tarawa da ta hana Alhaji shiga shafinmu

Ni nake kula da ƙaramar sabar wata ƙungiyar 'yan albasa a Marwa, ƙasar Kamaru, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinmu na intanet. Kowane wakili yana da sunan shiga da kalmar sirri, yana rubuta buhunan da ya loda zuwa Garwa ko Kusuri. A tsakiyar kakar albasa wani dattijo cikinsu ya kira ni, ransa a ɓace.

"Ɗana, shafin nan naka ya ƙi ni. Sau biyar ina sa kalmar."

Na ce, "Alhaji, ko dai an manta ne?" Har yau maganar nan tana damuna, domin mutumin bai manta komai ba. Na sake masa wata, ya shiga, ya mayar da irin wadda yake so, shafin ya sake rufe masa ƙofa.

Washegari na same shi a rumfarsa. Bai faɗa mini kalmar ba, ni ma ban tambaya ba, amma da na ce wace irin alama ce a ciki, sai ya ce ya fara ta ne da +237, yadda lambobin wayar Kamaru suke farawa. A nan jikina ya yi sanyi.

Na koma na buɗe asusun gwaji da kalma mai alamar +. Shafin rajista fom ne na yau da kullum, burauza da kanta take mayar da + zuwa %2B kafin ta aika, don haka kalmar ta isa daidai. Shafin shiga kuwa ni na rubuta shi da JavaScript, harshen da ake ba burauza umarni da shi, na jera suna da kalma na aika su tsirara, ba tare da sauya alamomin ba. A tsarin aika fom, + tsirara tana nufin fili tsakanin kalmomi. Wato Alhaji yana buga +237, sabar tana karɓar fili da 237. Na gwada alamar & sai abin ya fi muni: ita ce ke raba bayani da bayani, duk abin da ya biyo bayanta ya yanke. Layi ɗaya ne ya yi maganin su duka, na bi da suna da kalma ta encodeURIComponent, umarnin da ke mayar da irin waɗannan alamomi zuwa lambobi kamar %2B.

Da na ci gaba da tono sai na ga wata ɓarnar. Wani matashi ya yi rajista da suna mai farawa da ɗan, amma a rumbun bayanai ?an aka ajiye. Teburin da ake ajiye sunaye yana kan Latin-1, tsarin haruffan da ya san é da ç na Faransanci, bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba. Harshenmu ne ba shi da gurbi a abin da na gina da hannuna, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Na mayar da teburin kan utf8mb4, tsarin da ya san haruffanmu, amma harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa, sai da na nemi yaron ya sake rajista.

Wani abokin aiki ya ce in hana alamomin kawai, in huta. Na ƙi. Kalma mai alamomi ta fi wuyar cankowa, kuma ba zan ce wa Bahaushe ya cire ƙugiya daga sunansa don sabar ta ji daɗi ba.

Yanzu ina da asusun gwaji mai suna ɗan'uwa, kalmarsa cike da +, &, % da #. Duk gyaran da na yi, da shi nake fara shiga. Alhaji kuma na je na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya daina sa lambar waya a kalmar sirri, tunda rabin kasuwa sun haddace ta.