Colorado Rockies: Iskar Denver Ba Ita Kaɗai Ta Jawo Shan Kashi 119 Ba

Masu bibiyar besbol daga nan Saudiyya sun san wahalarsa. Tsakaninmu da birnin Denver na Amurka akwai tazarar awa tara a lokacin bazara, don haka wasan da aka fara can da ƙarfe 6:40 na yamma, a Jidda ko Makka ƙarfe 3:40 ne na dare, dab da kiran assalatu. Duk wanda ya hana idonsa barci don ya kalli Colorado Rockies, ƙungiyar besbol ta Denver, a kakar 2025, ya cancanci a yi masa bayanin abin da ya gani. Sun ci wasa 43, an doke su sau 119. Sun sami maki 597, an zura musu 1,021, giɓin 424 ke nan, wanda ba a taɓa ganin irinsa a babbar gasar besbol ta Amurka (MLB) ba tun daga 1900. Da aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce tsaunin Denver. Ni dai na yarda tsaunin yana da nasa laifin, amma ban yarda shi ne ya kashe ƙungiyar ba.

Mu fara ba tsaunin haƙƙinsa. Filin Coors, inda Rockies ke buga wasanninsu na gida, yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,600 daga bakin teku. Wanda ya taɓa hawa daga Makka zuwa Ɗa'ifa, ko ya je Abha, ya san yadda numfashi ke sauyawa a irin wannan wuri. Kaurin iskar Denver bai wuce kimanin kashi 82 cikin 100 na iskar bakin teku ba, kuma sana'ar mai jifa gaba ɗayanta a kan iska ta dogara. Tsakaninsa da mai bugu mita 18.44 ne kawai, ƙwallo na isa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Abin da ke sa ta lanƙwasa ta yaudari mai bugu shi ne juyin da yatsu suka ba ta, wanda ke tura iska gefe guda. Idan iskar ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, lanƙwasar ma haka take raguwa. Jifa mai gudu da ake juya shi baya don ya yi kamar yana tashi sama, a Denver sai ya zo a miƙe daidai ƙugun mai bugu. Jifa mai lanƙwasa da ya kamata ya nutse ƙasa, sai ya tsaya a tsakiya yana jiran gora. In kuma aka buga, ƙwallon na ƙara nisa da aƙalla kashi 5 cikin 100.

Don maganin wannan nisa ne aka yi filin da faɗi: katangar tsakiya tana mita 126, ta hagu 106, ta dama 107. Sai maganin ya haifi wata cutar. Masu tsaron baya su uku ne kawai, kuma an ba su makeken fili, don haka ƙwallon da za a cafe a wani wuri, a nan sai ta faɗi tsakanin mutum biyu, mai bugu ya kai tasha ta biyu ko ta uku. A 1999 an buga ƙwallo ta tsallake katangar Coors sau 303. Daga 2002 aka fara ajiye ƙwallaye a ɗaki na musamman mai ɗumin digiri 21 da laima kashi 50, domin busasshiyar iskar wurin kan sa fatar ƙwallo ta ƙandare ta yi santsi. Hakan ya rage tsallake katanga sosai, amma bai taɓa faɗin filin ba, bai kuma dawo da lanƙwasar jifa ba.

To, idan haka filinka yake, wane irin mai jifa ya kamata ka nema? A nan ne nake ganin shugabannin Rockies suka daɗe suna kallon lamarin a juye. Tunaninsu shi ne, tunda lanƙwasa ba ta aiki, a nemo masu jifa ƙasa-ƙasa, a bar mai bugu ya taɓa ƙwallo ta gangara, masu tsaro su kama. Amma Coors shi ne filin da taɓa ƙwallo ya fi tsada a duk gasar. Duk ƙwallon da gora ta taɓa tana da damar samun wurin faɗuwa fiye da ko'ina. Hanya ɗaya da iska da faɗin fili ba su da ta cewa a kanta ita ce a kori mai bugu da jifa uku ba tare da ya taɓa ba. Rockies kuwa a 2025 suna can ƙasan jadawali wajen irin wannan kora. Ma'aunin ERA, wato matsakaicin makin da mai jifa ke bayarwa a zagaye tara, na masu jifan da ke buɗe musu wasa ya kai 6.65. Ƙungiya mai lafiya tana yawo ne a kusa da 4.

Dubi Antonio Senzatela. An ba shi kwantiragin shekara biyar kan dala miliyan 50.5 a ƙarshen 2021, alhali tun can ba mai yawan kora ba ne, kuma fiye da rabin jifansa iri ɗaya ne, mai gudu a miƙe. An yi masa aikin jijiyar gwiwar hannu a 2023, ya dawo, 2025 ta ƙare masa da nasara 4 da faɗuwa 15, har aka cire shi daga jerin masu buɗe wasa. Ba laifinsa ba ne da aka ci gaba da tura shi da makami guda. Aikin masu horarwa ne su ce masa ya rage wannan jifa, ya ƙara wanda iska ba ta cika shafa ba. Akwai irinsu. Jifa mai zamewa da ake murza shi kamar harsashi bai dogara da turin iska ba, nauyinsa ne ke saukar da shi, don haka abin da yake yi a bakin teku kusan shi yake yi a Denver. Haka jifan da ake ware yatsu biyu a kansa don a kashe juyinsa da gudunsa. Jorge De La Rosa da irin wannan ya rayu, kuma wasannin da ya ci a Coors sun ninka waɗanda ya faɗi fiye da sau biyu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan masu ɗora wa tsauni komai ita ce kakar 2018. A shekarar Kyle Freeland, haifaffen Denver, ya ci wasa 17 da ERA 2.85, kuma a gida ma ya fi kyau, 2.40. Germán Márquez ya kori masu bugu 230. Ƙungiyar ta ci wasa 91, ta shiga zagayen fitar da zakara shekara biyu a jere. Tsaunin nan dai shi ne, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Abin da ya sauya shi ne, bayan wannan rukuni babu wani da ya taso a bayansu. Kuma waɗanda suka bar ƙungiyar sukan gyaru a hannun wasu. Jeff Hoffman ya bar Colorado da ERA sama da 6, Philadelphia ta mayar da shi mai jifan da ke karɓar wasa a zagayen ƙarshe-ƙarshe, ta sa ya yawaita jifa mai zamewa, a 2024 ga shi cikin zaɓaɓɓun taurarin gasar. Wannan ba batun iska ba ne, batun koyarwa ne.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi ci mini rai. A Fabrairun 2021 suka miƙa Nolan Arenado, gwarzonsu, ga St. Louis, suka haɗa da kimanin dala miliyan 51 daga aljihunsu. Babban wanda suka karɓa, Austin Gomber, an sallame shi a Agustan 2025 bai ci wasa ko ɗaya ba a kakar. A Yulin 2021 kowa ya san Trevor Story da Jon Gray kwantiraginsu na ƙarewa, kuma ƙungiyar ba ta zuwa ko'ina. Lokacin musayarsu da matasa ke nan. Aka riƙe su. Story ya tafi Boston, Gray ya tafi Texas ba tare da Rockies ta sami komai a madadinsa ba. A Maris 2022 kuma sai ga kwantiragin Kris Bryant, shekara bakwai kan dala miliyan 182, wato riyal miliyan 682 da ɗoriya. Cikin wasanni 648 na kakanni huɗu na farko, 170 ya buga, saboda ciwon baya da sauran raunuka. Allah Ya ba shi lafiya, ciwo ba zaɓin mutum ba ne. Amma ƙungiyar da ta sayar da tauraro don rage kashe kuɗi, sannan bayan shekara guda ta sayi wani mai shekara 30, ba ta yanke shawarar ko gini take yi ko neman kofi ba. A 2022 ma, maimakon a yi musayar Daniel Bard yana kan ganiyarsa, aka ƙara masa shekara biyu kan dala miliyan 19 yana da shekara 37.

Sayen masu jifa daga waje da tsada kuwa an gwada shi tun tuni. Mike Hampton ya karɓi dala miliyan 121 a ƙarshen 2000, shekara biyu ya yi aka rabu da shi. Kafin kakar 2018 an zuba dala miliyan 106 a kan Wade Davis da Bryan Shaw da Jake McGee, dukansu uku an sallame su a 2020.

Akwai lissafin da ya kamata duk mai tsara 'yan wasan Rockies ya fara da shi. Kaka tana da wasa 162, kimanin zagaye 1,450 na jifa. Cikin 'yan wasa 26 doka ta yarda da masu jifa 13 kawai, biyar masu buɗewa, takwas masu karɓa. Idan mai buɗewa yana yin zagaye biyar, su biyar ɗin sun ɗauki 810, saura kusan 640 a kan mutum takwas, 80 kowanne. Hannun mai karɓa kuwa 60 zuwa 70 yake ɗauka lafiya. A Coors zagaye ya fi cin jifa, jiki kuma ya fi jinkirin murmurewa, shi ya sa ake ganin masu karɓarsu sun yi laushi tun watan Yuli. A Yunin 2012 sun gwada masu buɗewa huɗu da iyakar jifa 75, aka ƙare da faɗuwa 98, aka watsar da tsarin. A ganina tunanin ba shi da laifi, kayan aikin ne babu. Irin wannan tsari na buƙatar mutum biyu ko uku da aka horar tun daga ƙananan ƙungiyoyi su ɗauki zagaye biyu zuwa uku a tsakiyar wasa, da kuma wasu biyar ko shida a Albuquerque, inda ƙaramar ƙungiyarsu take, da za a riƙa juyawa da su. Juyawar ma tana da ƙa'ida: mai jifan da aka saukar sai ya yi kwana 15 kafin a dawo da shi, sai dai in wani ya ji rauni, kuma sau biyar kawai ake iya saukar da mutum a kaka.

Chase Dollander, mai jifan da suka ɗauka na tara a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2023, shi ne gwajin da ke gabansu. A shekararsa ta farko ERA ɗinsa a gida ya kusa 10, a waje kuwa bai kai 4 ba. Ma'ana hannun yana nan, abin da ya rasa shi ne tsari na biyu. Yaro irinsa na buƙatar jerin jifa na gida da jerin jifa na waje, da wurin da zai saita idonsa ga kowanne, domin jifan da ya saita a gwiwa a San Francisco zai sauka a cinya a Denver. Masu bugu ma haka suke fama: bayan mako guda suna ganin ƙwallo a miƙe, sai su sauka bakin teku ta fara lanƙwashe musu. Akwai injinan jifa da ke kwaikwayon wannan lanƙwasa, ya kamata a ce da su ake atisaye kafin kowace tafiya.

An kori mai horarwa Bud Black a watan Mayun 2025 bayan nasara 7 cikin wasa 40, aka ɗora Warren Schaeffer. A Yuli suka yi abin da suka daɗe suna gudu, suka ba New York Yankees Ryan McMahon da Jake Bird don karɓar matasa. Bayan kaka babban manajan ƙungiyar, Bill Schmidt, ya sauka, mai ƙungiyar Dick Monfort ya yarda aka ɗauko Paul DePodesta daga waje don ya jagoranci harkar 'yan wasa, bayan shekaru ana naɗa na cikin gida. Ni ba yawan nasarar 2026 zan duba ba. Zan duba ko yawan jifa mai gudu a miƙe ya ragu a Coors, ko yawan kora ya tashi daga ƙasan jadawali, da kuma ko za a sayar da duk mai karɓar da ya haskaka kafin ƙarshen Yuli maimakon a ƙara masa kwantiragi.