Mun dawo lafiya daga Paris, ga godiyarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah mun sauka gida lafiya, ni da Abban yara da yaran duka, gajiya dai har yanzu bata sake mu ba amma nace bazan bari kwanaki su ja ban zo nayi godiya ba, don wallahi tafiyar nan mutane ne suka tsaya mana tun daga neman biza har ranar da muka hau jirgin dawowa.

Bayan Allah sai Yayana da matarsa. Yaya Allah ya saka da alheri, ya biya ka da gidan Aljanna. Hutun aikinka ka ɗauka sukutum ka ƙarar a kanmu, kai ka sai mana tikitin gidan tarihi na Louvre ta intanet tun kafin mu iso, kai ka faɗa mana ranar Talata a rufe yake kuma yara 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta suke shiga. Kuma na gode da yadda ka san ɗakunan da za ka bi da mu, domin gaskiya akwai zane-zane da gumakan da ni dai ban so idon yara ya kai kansu, kai kuma ka gane ba sai na furta ba. Mun ga Mona Lisa, zanen matar nan da ake ta labari, ashe 'yar ƙarama ce, tana bayan gilashi mutane sun yi cincirindo kowa ya ɗaga waya. Ni abin da ya fi tsaya min a rai sashen fasahar Musulunci ne da suka buɗe a 2012, dardumai da kwanukan tagulla da tangaran da rubutun Larabci kala-kala, na daɗe a tsaye har yara suka fara jan mayafina. Sai kuma ka kai mu gaban sassaƙen yumɓu na Nok, kace wa yara wannan daga ƙasarku ya fito, Nok tana jihar Kaduna, kuma ya haura shekara 2000. Babbar 'yata tayi shiru can tace to Kawu me ya kawo shi nan? Har yanzu tana maimaita tambayar, kuma naji daɗi da tayi ta.

Anti, ke kuma ban san da wane baki zan gode miki ba. Mu dawo ƙafa ta kumbura mu tarar da tuwo da miyar kuka da zafinsu, a garin da magariba sai wajen ƙarfe 10 na dare lokacin zafi, yara sun rikice da bacci kina ta lallaɓa su. Ke kika kai ni unguwar Château Rouge, muna fitowa daga metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, na rantse kamar an sauke ni a Sabon Gari, ga manja ga kuɓewa ga busasshen kifi ga shagunan atamfa, kowa na kiran ciniki. A nan muka haɗu da wani dattijo ɗan Damagaram da yaji muna Hausa ya juyo da sauri yace bayin Allah daga ina? Ya tsaya muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna, ya saya wa yara lemo ya ƙi karɓar ko sisi. Baba in saƙon nan ya iso gare ka ta hannun wani, mun gode, Allah ya ƙara arziki.

Akwai kuma wata baiwar Allah da ko sunanta ban sani ba, kuma ita ce ta sa na ƙudurta sai nayi rubutun nan. A tashar Châtelet, wadda shiga cikinta kaɗai ruɗani ne saboda yawan layuka, autana ya riga mu faɗawa jirgi ƙofa ta rufe muna waje muna kallo. Innalillahi, ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Allah ya sa tun ranar farko Yaya ya koya musu duk wanda ya rabu da mu ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya kar ya motsa. Muna isa a jirgi na biyu muka same shi wata tsohuwar Baturiya riƙe da hannunsa, ta bar tafiyarta ta sauka tare da shi tana share masa hawaye. Ba ta jin Turanci mu ba ma jin Faransanci, merci kawai na iya ina ta maimaitawa ina kuka, ta dafa kafaɗata ta wuce. Allah ya saka mata, ya haɗa ta da mai taimakonta ranar da take buƙata.

Godiya ga mai zanen nan na Place du Tertre a Montmartre da ya zana yaran su uku a takarda ɗaya yana haƙuri da mutsu-mutsunsu, har ya miƙa wa na tsakiyar gawayin zanen yace gwada, yanzu ba takardar da ta tsira a gidan nan. Da mutanen Babban Masallacin Paris inda muka yi Juma'a, masallacin da aka buɗe tun 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, suka matsa mana wuri a sashen mata duk da cika, bayan sallah muka sha shayin na'a-na'a a farfajiyar.

Hajiya, addu'arki ce ta yi ta bin mu, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maƙwabtanmu da suka kula da gida suka ba kaji abinci, Allah ya bar zumunci. Abban yara da ya daɗe yana tara kuɗin nan a hankali don yara su ga duniya da idonsu, Allah ya ƙara buɗi ya mayar da ninkinsa.

Masu tambayar tsaraba kuyi haƙuri akwati ɗaya ba a buɗe ba tukuna, zan leƙo gida-gida in sha Allah cikin satin nan. Yaya da Anti kuma mun riƙe alƙawari, babbar Sallah a gidanmu za ku yi ta.