Inda na kai da ƙidayar bugun zuciya wajen motsa jiki

Ƴan uwa masu zagayen filin wasa na Seyni Kountché da sassafe, da ku masu bin bakin gulbi har Gadar Kennedy, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda na kai tun da na bar zuciyata ta riƙa yanka mini saurin da zan yi.

Kullum da asuba, tun ban sauko daga shimfiɗa ba, nakan ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, daidai gindin babban yatsa, in ƙidaya bugun na daƙiƙa 30 in ninka biyu. Ba a taɓawa da babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun. Baligi in yana hutawa yakan buga tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Nawa da farko yana kusa da 80, yanzu ya sauko wajen 70, alhamdu lillahi. Ranar da na ga ya hau da goma babu dalili, sai in tambayi kaina: barci ne bai isa ba, shayin fada ne ya yi yawa jiya da dare, ko zazzaɓi ne ke tafe? A irin wannan rana tafiya kawai nake yi.

Lissafin ba shi da wuya. Ka cire shekarunka daga 220, ka sami ƙiyasin iyakar bugun zuciyarka. Ni mai shekara 40, 180 ke nan. Motsa jiki matsakaici yana tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari na wannan adadi, wato 90 zuwa 126 a wurina. Mai tsanani kuwa kashi 70 zuwa 85, wato 126 zuwa 153. Ƙiyasi ne fa, sa'anni biyu suna iya bambanta da bugu goma ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaici a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, yawancinmu a filin nan da ƙarfi muke gudu kullum. Wani ya wuce ka, kai ma ka ƙara wuta, ka koma gida a gajiye liƙis, kashegari gwiwa ta hana ka fitowa. Yanzu mafi yawan fitata ƙasa da 130 nake riƙe ta. Da farko sai na haɗa sassarfa da tafiya kafin in iya zama a nan, ina kallon dattawa suna wuce ni. A hankali tafiyar ta ragu, sassarfar ta ƙaru, bugun kuma yana nan inda yake. A nan nake gane ci gaba: saurin da a da yake kai ni 145, yau a 130 nake yin sa.

Sai maganar zafin Yamai, kuma ina roƙonku ku ɗauke ta da muhimmanci. A Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, jiki yana tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, gumi kuma yana rage ruwan da ke cikin jinin. Kowane bugu sai ya tura jini kaɗan, dole zuciya ta yawaita bugawa don ta cike giɓin. Shi ya sa za ka ga ba ka ƙara sauri ba, amma bayan minti 20 adadin yana ta hawa shi kaɗai. Da hunturu hanya ɗaya, sauri ɗaya, bugun ya fi kwanciya. Saboda haka da bazara ba na neman saurin Janairu. Na rage taki, na fita kafin rana ta ɗaga, gorar ruwa a hannu.

Game da na'ura, agogon hannu yana haska koren haske cikin fata yana auna kai-komon jini. In ya yi sako-sako, ko gumi ya jiƙa shi, sai ya nuna abin da ba shi ba. Ku ɗaure shi sosai, kaɗan sama da ƙashin wuyan hannu. Ɗamarar ƙirji, irin wadda kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fito da ita a 1982, ta fi shi gaskiya domin lantarkin zuciya take karantawa. Wanda bai da ko ɗaya ya tsaya ya ƙidaya daƙiƙa 15 ya ninka huɗu, ko ya gwada magana da abokin gudunsa. In jimla tana fita cikakkiya, yana matsakaici. In kalma biyu uku ce sai haki, ya shiga mai tsanani.

Baba Alhaji da ke zagaye tare da mu ya tambaye ni me ya sa bugun zuciyarsa ba ya wuce 110. Ashe yana shan maganin hawan jini irin su atenolol, masu rage bugun zuciya. Mai shan irin wannan, da mai ciwon zuciya ko na suga, likita ne zai ba shi adadinsa. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take, ko me agogo ya nuna.

A watan nan zan fara rubuta yawan saukar bugun minti ɗaya bayan na tsaya, domin zuciyar da ta horu ta fi saurin saukowa. Mai yi tare da ni ya zo da littafinsa ran Asabar, mu haɗu a ƙofar filin bayan sallar asuba.